Gwani Da 'Yan Amshi A Majami'ar Yahudawa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masu ibada a ƙasashe da yawa, watau ko ya kamata a shigo da waƙa mai daɗi da zane da kayan ado cikin ɗakin sujada, ko kuwa a bar su a waje. Waɗansu sun ce abin da ya ke na Allah ya cancanci mafi kyaun aikin da hannun mutum zai iya yi. Waɗansu kuwa sun ce ado yakan ɗauke hankalin mai addu'a, ya koma kallo. A cikin wannan 'yar takarda ina so mu duba yadda Yahudawa suka yi fama da wannan tambaya a majami'unsu, gama sun yi kusan shekara 2,000 suna gardama a kanta, kuma sun rubuta gardamar sun ajiye. Ra'ayina zan faɗe shi tun yanzu, domin wanda bai yarda ba ya soma shirya amsa. Fasaha tana da babban wuri a majami'a, amma ma'auninta ɗaya ne: in ta sa jama'a su buɗe baki su sa hannu, ta yi aikinta; in kuwa ta mai da su 'yan kallo, to, ta ci amanarsu, kome kyaunta.

Kafin mu shiga gardamar bari mu san ɗakin da a ke yinta. A zamanin da Haikali ya ke tsaye a Urushalima, Lawiyawa ke da aikin waƙa, suna rera Zabura da garayu da molaye da kuge, firistoci suna busa kakaki. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu sojan Roma suka ƙone Haikalin. Hadaya ta ƙare, aikin Lawiyawa ya tsaya, jama'a suka ƙara warwatsuwa cikin duniya. Abin da ya rage musu shi ne majami'a, watau ɗakin da mutanen unguwa su ke taruwa su yi addu'a, su karanta Attaura, su koya wa yara. Ba lalle sai da babban gini ba, ba kuwa lalle sai da firist ba. In an sami manya goma, ko a ɗakin haya ne, addu'ar jama'a ta tsaya. Masu riƙon tsohuwar al'ada maza kaɗai su ke ƙirgawa cikin goman, amma ƙungiyoyi da yawa a Amurka da Turai yanzu suna ƙirgawa har da mata. Wanda duk ya iya yana iya jan addu'a, ko maɗinki ne ko ɗan kasuwa. Shi rabbi kuwa malami ne da alƙali, ba ya tsayawa tsakanin mutum da Ubangijinsa. Ku riƙe wannan da kyau, gama shi ne gindin maganata. Majami'a ta jama'a ce, saboda haka kowace fasaha da ta shigo ciki ta zo yi musu hidima ne.

Mu fara da rubutu. Abu mafi daraja a kowace majami'a shi ne naɗaɗɗen littafin Attaura, watau littattafai biyar na Musa. Har yau ba a buga shi da inji. Wani gwanin marubuci da su ke kira sofer shi ke rubuta shi da hannu, a kan fatar dabbar da shari'arsu ta halatta, da alƙalamin gashin tsuntsu ko na kara. Haruffansa 304,805 ne, aikin yakan ci shekara guda ko fiye, kuma in harafi ɗaya ya ɓace ko ya kakkarye ba a karatu da littafin sai an gyara. Wannan aikin gwani ne, babu shakka. Amma ku dubi yadda aka tsare gwanin kada ya keɓe kansa. In an yi shakkar wani harafi, ko ya fita daidai ko bai fita ba, shari'arsu ta ce a kira yaro wanda ba haziƙi ba ne ƙwarai, ba kuwa daƙiƙi ba, a nuna masa. Abin da yaron ya karanta shi ne hukunci. Sa'an nan in an kusa gama sabon littafi, akan bar haruffan ƙarshe ba a cika ba, mutanen majami'a su zo ɗaya ɗaya su cika tare da marubucin. Daga nan a ɗauki littafin a ƙarƙashin rumfa irin ta ɗaurin aurensu, a kai shi majami'a da waƙa da rawa, sai ka ce an kai amarya. Gwani ne ya yi aikin, amma kowa yana iya cewa da hannunsa a ciki.

Sai karatu. A cikin naɗaɗɗen littafin nan babu wasali, babu alamar tsayawa, baƙaƙe ne zalla na Ibrananci. Duk da haka ba a karanta shi a gaban jama'a da muryar hira, sai an rera. Waɗansu malamai na birnin Tibariya, a bakin Tekun Galili, su suka tsara alamomin da ke nuna inda murya za ta hau, da inda za ta sauka, da kalmomin da za a haɗa, da inda za a numfasa. Shahararrensu shi ne Haruna ben Asher, wanda ya sa alamomi a littafin nan da a ke kira na Halab wajen shekara ta 930. Mai karatu yakan koyi alamomin a littafi bugagge, ya haddace, sa'an nan ya zo ya tsaya gaban fatar da babu su. Watau karin muryar shi ne ke raba jimla da jimla, har wanda ke zaune a baya ya gane ma'ana. An raba Attaura kashi 54, ana sauke ta sau ɗaya a shekara, ana karatu ranar Asabar da Litinin da Alhamis. Yaro in ya cika shekara 13 akan kira shi gaban jama'a, da yawansu kuwa su kan rera rabon ranar da bakinsu. In mai karatu ya yi kuskure, ko babban mutum ne, waɗanda ke tsaye kusa da shi su kan gyara masa nan take, sau da yawa ma daga cikin jama'a a ke ɗaga murya a gyara. Mu da mu ke koyon aikin malanta mun san abin da yaro ya rera ba ya saurin fita kansa. Su kuwa sun gina makarantar al'umma ɗungum a kan wannan.

Karin ba iri ɗaya ba ne ko'ina, kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Na Yaman daban, na Maroko daban, na Bagadaza daban, na Polan daban. Wani masani, Abraham Zvi Idelsohn, ya zauna a Urushalima yana sauraron Yahudawan da suka zo daga ƙasashen nan, ya tara waƙoƙinsu cikin littattafai 10 da aka buga tsakanin 1914 da 1932. Galibin waɗanda ya ɗauka daga bakinsu ba su taɓa ganin an rubuta muryar waƙa a takarda ba. Daga kaka zuwa jika abin ya riƙa saukowa.

Kayan ado ma haka. Malaman Talmud, babban littafin shari'arsu, sun koyar cewa in mutum zai cika umurnin Allah ya cika shi da kaya masu kyau gwargwadon ƙarfinsa. Don haka za ka ga an yi wa littafin Attaura riga mai surfani, da kambin azurfa mai 'yan ƙararrawa, da wani tsinken azurfa mai siffar hannu wanda mai karatu ke bin layi da shi don kada yatsa ya taɓa tawada. Amma wanda ya fi burge ni ba na azurfa ba ne. Yahudawan Jamus suna da al'ada, in an yi wa jariri kaciya, sai a ɗauki zanen da aka naɗe shi da shi, a yanka a ɗinka ya zama dogon ɗamara, mata su yi masa surfani ko a zana sunan yaron da ranar haihuwarsa da addu'a. In yaron ya ɗan tasa sai a kai shi majami'a da ɗamarar, a ɗaure littafin Attaura da ita. Ƙyalle ne da zare, ba su kai kuɗin kirki ba, amma da allurar uwa an ɗaure yaro da littafin kakanninsa.

To, zane fa? Kowa ya san Dokoki Goma sun hana yin gunki da siffar da za a yi wa sujada, saboda haka mutane da yawa sun ɗauka Yahudawa ba su taɓa zana mutum a ɗakin addu'a ba. Ƙasa ce ta tona asirin wannan zato. A shekara ta 1932 masu haƙa suka tono wata majami'a a Dura-Europos, a bakin Kogin Yufiretis cikin ƙasar Siriya, wadda aka gama wajen shekara ta 245. Bangayenta cike su ke da hotuna: ga Musa jariri ana ɗauko shi daga kogi, ga ƙetare teku, ga Ezekiyel a kwarin ƙasusuwa, ga Esta da Mordekai. Aka kwashe hotunan aka kai gidan ajiye kayan tarihi na Dimashƙu. Kafin wannan, a 1928, manoma masu haƙa hanyar ruwa a Bet Alfa suka ci karo da daɓen wata majami'ar ƙauye ta ƙarni na 6, an jera ƙananan duwatsu masu launi sun ba da hoton Ibrahim da Ishaku a wurin hadaya. Har sunan maginan yana nan a rubuce, Marianos da ɗansa Hanina. Lalle ba kowa ya yarda da wannan ba, gama a majami'ar Na'aran kusa da Yariko an sami daɓen da aka bi aka ƙwaƙule siffofin mutane da na dabbobi da gangan. Daga baya yawancin majami'u suka bar zana mutum, suka tsaya ga zaki da barewa da itatuwa da haruffa. Ko Marc Chagall, da ya yi tagogi 12 na gilashi mai launi don majami'ar asibitin Hadassah a Urushalima a 1962, taga ɗaya ga kowace kabila, bai sa fuskar mutum ko ɗaya ba. Abin lura shi ne, hotunan Dura labaru ne waɗanda mai zaune a kan dakali ya riga ya ji an rera masa, yana iya nuna wa ɗansa da yatsa. Ba a kafa wani abu a tsakiya don a durƙusa masa ba.

Gardama mafi zafi a kan kiɗa aka yi ta. Bayan ƙonewar Haikali malamai suka hana kayan kiɗa cikin addu'a, sai murya kaɗai, in ban da ƙahon rago da a ke busawa a bikin sabuwar shekara don farkar da zukata. Mai jan addu'a, wanda su ke kira hazan, shi ke bayarwa, jama'a suna amshi. A Italiya wani makaɗin fadar Mantuwa, Bayahude mai suna Salamone Rossi, ya shirya waƙoƙin addu'a 33 don muryoyi da yawa su rera tare bisa tsarin Turawa, aka buga su a Benis wajen 1623. Rabbi Leon Modena ya tsaya masa, ya rubuta cewa babu laifi. Waƙoƙin suna da kyau ƙwarai, har yau ana rera su a ɗakunan kiɗa. Amma sai ƙwararru ke iya su, don haka majami'u suka manta da su fiye da shekara 200.

A farkon ƙarni na 19 maganar ta sake tashi a Jamus. Yahudawa sun fara fita daga unguwannin da aka tsare su, 'ya'yansu suna shiga makarantun Turawa, suna mance Ibrananci, waɗansu ma suna barin addinin. Felix Mendelssohn, shahararren mai shirya kiɗa, jikan babban malamin nan ne Moses Mendelssohn, amma an yi masa baftisma a 1816 yana ɗan shekara 7. Masu neman gyara suka ce hayaniya ta yi yawa a majami'a, kowa na addu'arsa da ƙarfi, samari suna jin kunyar kawo abokansu. In kiɗa ya sake, in ji su, rawa ma sai ta sake. A 1810 Israel Jacobson ya sa ogan a ɗakin addu'ar makarantarsa a Seesen, watau babban abin kiɗan nan mai bututu da a ke bugawa a manyan coci-coci na Turai. A 1818 aka buɗe wata majami'a a Hambag mai ogan da ƙungiyar mawaƙa da wa'azi da Jamusanci. Shekara na kewayowa malaman tsohuwar al'ada, cikinsu har da Moses Sofer na Pressburg, suka haɗa wasiƙu suka buga suna hanawa. Dalilansu uku: makokin Haikali bai ƙare ba, kaɗa abu ranar Asabar karya hutu ne, kuma kwaikwayon ibadar waɗansu ne. Na ukun yana da ƙarfi, gama a wurare da yawa sai an yi ijarar wanda ba Bayahude ba ya kaɗa ogan ɗin ranar Asabar. Kayan aro ba ya rufe katara.

Hukuncin waɗannan dalilai uku na malamansu ne, ba nawa ba. Amma akwai ɓarna ta huɗu wadda kowa ke iya gani. A garuruwa da dama na Jamus an rubuta dokokin majami'a masu hana addu'a da ƙarfi da bin hazan da murya. Aka sami tsari, aka sami natsuwa, aka gina manyan ɗakuna kamar Sabuwar Majami'a ta Balin da aka buɗe a 1866, mai ɗaukar mutum wajen 3,000. A Biyana kuwa Salomon Sulzer, wanda ya zama hazan a 1826, ya yi suna har Franz Schubert ya shirya masa Zabura ta 92 da Ibrananci a 1828, Franz Liszt kuma ya je ya saurare shi ya yaba. Wannan duk abin alfahari ne. Amma mutumin da kakansa ke gyara wa mai karatu kuskure, shi yanzu ya zauna shiru da littafi a cinya, yana jiran a gama masa addu'a. Ɗansa kuwa me zai koya daga uban da ba ya buɗe baki?

Kada wani ya ce laifin ogan ne kaɗai. Masu tsohuwar al'ada ma sun faɗa ramin ta wata hanya. A farkon ƙarni na 20 aka yi zamanin manyan hazanai a gabashin Turai da Niyu Yok, masu muryar da ke sa mutum hawaye. Ana sayar da tikiti don a ji su a manyan bukukuwa, mutane suna barin majami'ar unguwarsu su bi murya. Mafi suna cikinsu, Yossele Rosenblatt, mutumin kirki ne mai riƙon addini. A 1918 gidan wasan waƙa na Shikago ya yi masa tayin dala 1,000 kowane dare ya ƙi. Shi ya tsare mutuncinsa, amma da yawa cikin masu cika ɗakin sauraro ya kawo su. Babu ogan a wurin, duk da haka 'yan amshi sun zama 'yan kallo. Ku gwada wannan da Hasidawa, mabiyan Baal Shem Tov wanda ya rasu a 1760 a ƙasar da yanzu ta ke Yukiren. Su suna da wata irin waƙa da su ke kira nigun, sau da yawa ba ta da kalmomi sam, sai kari kawai a yi ta maimaitawa ana tafi. Mai ɗaukar ruwa da bai iya karatu ba yana iya shiga daidai da malami.

Ranar gwaji ta zo a daren 9 ga Nuwamba 1938, sa'ad da 'yan Nazi suka ƙone ɗaruruwan majami'u a Jamus da Ostiriya, da ogan ɗinsu da labulensu da littattafansu. A Biyana majami'ar Sulzer kaɗai ta tsira, domin tana manne da gidajen mutane. Bayan wannan aka kashe Yahudawa miliyan 6, waƙoƙi da yawa kuwa suka mutu tare da masu su, babu mai dawo da su. Amma waɗanda suka tsira sun fita ba su da gini, ba su da azurfa, sai abin da ke bakinsu. A sansanin 'yan gudun hijira in mutum goma sun haɗu, ɗaya ya tuna karin karatu, addu'a ta tashi. Abin da aka damƙa wa jama'a shi ya ƙetare wuta.

Su kansu magadan masu gyara sun gane haka. A Amurka wata mace, Debbie Friedman, wadda ba ta yi makarantar hazanai ba, ta soma shirya waƙoƙin addu'a masu sauƙi da jita a sansanin yara na hutu, faifanta na fari ya fito a 1972. Ƙwararru da yawa suka raina aikin. Amma yaran suka girma suka kai waƙoƙin majami'unsu, jama'a suka sake buɗe baki. Da ta rasu a 2011, makarantar hazanai ta Hebrew Union College aka sa mata sunanta.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce in an bar kome a hannun jama'a aikin zai lalace, waƙa ta zama ta yara, tsofaffin kare-kare masu wuya su ɓace, gama ba kowa ke da murya ba, ba kowa ke da hannu ba. Wannan magana tana da gaskiya, akwai ma hazanai a yau da ke kukan haka. Ban ce a kori gwani ba. In babu sofer babu littafi. Abin da na ce shi ne gwani ya san aikinsa. Louis Lewandowski, shugaban mawaƙan babbar majami'ar nan ta Balin, ya shirya manyan waƙoƙi don ƙungiya da ogan, amma a 1871 ya fitar da littafi mai sauƙi wanda ƙananan majami'u za su iya amfani da shi. Yau waɗansu daga cikin kare-karensa ana rera su har a majami'un da ba su taɓa yarda da ogan ba, masu rerawa da yawa ba su ma san sunansa ba. A ganina babu ladan da ya fi wannan ga mai fasaha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai ba da waƙa da ya fi ƙarfin 'yan amshinsa har suka yi shiru, shi kaɗai zai kwana da waƙarsa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in kun ji ana gardama ko ado ya dace da ɗakin addu'a, kada ku tsaya ga tambayar yana da kyau ko ba shi da kyau. Ku tambaya: wa ya yi shi, wa ke iya sa baki, kuma in gwanin ya mutu gobe, yara nawa ya bari da suka iya? Mu ma da za mu fita mu tsaya gaban aji, ba zai yi mana lahani ba mu yi wa kanmu tambayar nan ta ƙarshe. Wanda ya ga abin daban, filin nan a buɗe ya ke, sai ya aiko wa Edita da nasa ra'ayin mu ƙaru da juna.